Hancin Bitrus

Ku matso nan, samari, ku jawo bencin cikin inuwa. Kai mai waya, kife ta tukuna, ba inda za ta. Ina jin abin da kuke faɗa a bakin titi, wai gyaran giya atomatik ya zama aikin 'yan gayu: a soka wa mota kwamfuta ta faɗi ciwonta, a sayo kaya a leda, a ɗaura, a wanke hannu. Ban ce duk ƙarya ba ce. Amma akwai wani ɗan ƙarfe da bai kai ƙwayar gyaɗa girma ba, wanda a kansa aka so a mai da maigidana maƙaryaci bayan ya tsufa. Labarinsa zan ba ku. Sai dai ku yi haƙuri da ni, ba na iya bin hanya ban leƙa gidajen maƙwabta ba.

Sunana Hadi, amma tun daga ƙauyenmu har cikin Gezawa, in ba Zomo ka ce ba babu mai nuna maka gidana. Ba don gudu aka sa mini ba. Ni ko Kano ba na shiga sai dole ta zama dole. Garejina a ƙofar gidana yake, a gindin ɗorawar da kakana ya bari, ina kwance ƙarƙashin mota ina jin ƙanshin miyar da ake kaɗawa a ciki. Kunne ne ya jawo mini sunan. Tun ina yaro, in ana daka a unguwa, ina zaune a zaure zan gaya maka matar wane ce, kuma gero take surfe ko dawa. Boko kuwa ban yi nisa ba, na dai iya haɗa baƙi.

Wannan kunnen mahaifina ya ɗauka, ya haɗa da 'yan goro, ya kai ni wurin Bitrus bakanike. Baba Bitrus mutumin wajen Tofa ne, daga tsofaffin gidajen manoman can, iyayensa sun shiga coci tun yana ƙarami. A gonar gwamnati ya koyi aiki, a kan taraktoci, wajen abin nan da ke ɗaga garma da ƙarfin mai. Da gonar ta mutu sai ya zo ya kafa rumfa a bakin hanyarmu. Mun yi tsari mai daɗi ni da shi: ran Juma'a shi ke riƙe gareji, ran Lahadi ni. In ladan ya kira salla ina ƙarƙashin mota, da ɗan yatsan ƙafa yake taɓa ni, ya ce, "Zomo, kai ake kira, fito. Noti zai jira."

Kayan aikinsa duka akwatin ƙarfe ɗaya ne: sifanu, filaya, ƙaramar guduma, magagari, sai wata doguwar sukundireba da ba a kwance komai da ita. Ita ce kunnensa. Yakan kafa bakinta a jikin giya mota na aiki, ya kara ƙotar a kunne, ya lumshe ido kamar mai sauraren labarai. Ranar da ya fara miƙo mini ita ya ce, "Mutane sun ce gani ya kori ji. To a cikin giya ba a gani. A nan ji ne ke korar gani."

Motar wani malamin asibiti ce atomatik ta farko da na ga cikinta. Baba ya kwance wani faifan ƙarfe daga ƙasan giyar, wanda muke ce wa balbodi, ya raba shi biyu. Sai ga hanyoyi a murɗe kamar gidan gara. Ya ce da ni, "Ka taɓa ban ruwa a lambu?" Na ce na yi. Ya ce, "To lambu ne wannan. Mai shi ne ruwan, famfo na turo shi. A lambu kai ke toshe wannan fangali da fartanya ka buɗe wancan. A nan 'yan boris ɗin nan su ke toshewa su buɗe. Inda mai ya shiga, nan giya take kamawa." Tsakanin ɓangarorin biyu akwai wani siririn farantin ƙarfe mai ramuka, kowane rami da girmansa, kuma a bakin waɗansu ramukan 'yan boris suke zama, ƙananan ƙwallaye kamar ƙwayar dawa.

A ran nan kuma na koyi dalilin da ya sa ba a buɗe balbodi a waje. Mun jera 'yan boris a kan tire, muka juya baya, sai ga kazar maƙwabta ta zo ta tsince ɗaya. A idona ta haɗiye. Baba ya tashi ya shiga gidan mai kaza aka yi ciniki. Ya ce in yanka, tunda ni ne mai yanka. Muka sami ɗan boris ɗinmu a cikin ƙundu, ya fi sauran sheƙi. Malamin asibiti ya ci cinya, bai san a kan me aka yi walimar ba. Tun daga nan a ɗaki muke buɗe balbodi, a kan farin ƙyalle, ƙofa a rufe.

Amma abin da Baba ya fi tsanantawa a kai ba tsafta ba ce. Suna ne. A wurinsa kowace dabara tana da mai ita, kuma in za ka yi aiki da ita sai ka ambaci sunansa da baki, ko da mai mota na tsaye. Akwai yadda ake naɗa waya a riƙe tiyon mai, zai ce, "Wannan ɗaurin Tanko ne na Wudil, Allah ya jiƙansa." Akwai yadda ake ɗumama ƙarfe a zare boris da ya cije, wannan na wani Garba Gurgu ne da ban taɓa gani ba. In na yi ɗaurin na yi shiru, sai ya ƙwanƙwasa mini sifana a ƙeya, a hankali dai, ya ce, "Na wa?" Ya ce mai gona yana barin gona, mai gida ya bar gida, bakanike kuwa ba ya barin komai sai yadda ake yin abu. In ka ci ka ƙi faɗin mai shi, ka shiga gonar mamaci ka yi girbi.

To ga aikin da ya haifi ɗan ƙarfen. Akwai Sale direba, mai jigilar mutane da kayan gwari daga kasuwannin ƙauye zuwa Kano. Ya sayi wata 'yar Beljiyam atomatik, lokacin duk yankinmu tsoronsu ake ji. Da safe motar lafiya lau. Da rana ta take, mai ya yi zafi ya tsinke, sai ta yi ta ihu ba ta shiga giya ta gaba, can kuma ta harba kamar jaki, fasinja su gwara kai. Muka buɗe. Baba ya ɗaga farantin sama, ya kalli rana ta ciki. Rami ɗaya ya buɗe, ɗan boris ya yi ta dukansa shekara da shekaru har ya ci bakinsa, mai na tsiyaya ta gefe. Aka nemi sabon faranti a Kano babu. 'Yan gwangwan har sun fara zuwa suna zagaya motar suna taya ta kamar tsohuwar saniya.

Washegari da safe muna zaune teburin Haladu mai shayi. A lokacin masu shayi da risho mai famfo suke aiki. Ku ba ku san irin rishon nan ba. Ana zuba kananzir, a buga famfo, kananzir ya hau ta cikin bututu mai zafi ya zama tururi, tururin ya fito ta wani ɗan bakin tagulla da ake ce wa hanci, mai rami kamar tsinin allura, a nan wuta take kamawa. Rishon Haladu ya toshe, yana ta tari yana baƙin hayaƙi. Ya ɗauko 'yar waya ya tsokane ramin, nan take wutar ta koma shuɗiya tana huci. Na ga Baba ya ajiye kofi.

"Haladu, kashe wutar nan."

"Oga, ruwa bai tafasa ba."

"Kashe, na ce. Ba ni hancin rishon nan."

"Haba Oga Bitrus! Mutane na jiran shayi!"

"Su sha koko yau, ba za su mutu ba."

Haladu ya kwance yana ta mita, wai tun da yake bai taɓa ganin wanda ya zo shan shayi ya tafi da murhu ba. Baba yana juya abin a tafin hannu, yana hura shi don zafi, ya ce da ni, "Zomo, ka ga? Da risho da mota duk abu ɗaya ne. Rami ne ke mulki."

Ya yanke hancin, ya goge shi da magagari har ya zama ɗan guntu. Ya faɗaɗa ramin farantin da ya lalace, ya cusa tagullar a ciki ya daddale, ya yi wa ɗan boris mazauni a bakinta. Saura girman rami. Na risho ya yi ƙanƙanta, mai ba tururi ba ne. Muka aro 'yan matsirai a wurin maƙerin zobe. Ba mu da abin awo, to amma a farantin akwai wani rami ɗan'uwansa da bai lalace ba. Sai Baba ya riƙa hura iska da baki ta mai lafiyar, ya hura ta sabon, ni kuma ina saurare. In na ce "Muryarsa ta yi sama," ya ƙara buɗawa kaɗan. Haka muka yi ta yi har muryoyin biyu suka zama ɗaya. Muka ɗaura. Sale ya ɗauke mu da tsakar rana cikin yashin burtali, motar na sauya giya kamar ana zuba mai a tuwo. Ya leƙo ta taga yana yi wa 'yan gwangwan kirari, yana cewa su je su taya uwar wani.

Direbobi ne suka raɗa wa abin suna. Wannan ya gaya wa wancan, "Je ka a sa mata hancin Bitrus." Makanikai suka zo suka gani, Baba bai ɓoye wa kowa ba, sharaɗinsa ɗaya ne, wanda kuka riga kuka sani. Masu shayin yankin nan kuwa suka koma ɓoye rishonsu in sun hango mu.

Ba kullum ake kwana a gado ba. Akwai wata bazara da ta zo mana da zafi na fitar hankali, kuma a lokacin risho mai famfo ya fara ɓacewa, hancin da ake samu a kasuwa ba tagullar ƙwarai ba ce. Motar Hajiya Tabawa mai man gyaɗa ce ta fara dawowa. Ta tsaya mata a hanya ran kasuwa, da jarkoki cike, sai da aka jawo ta da shanu. Hajiya ta sauko daga amalanke tana gyara mayafi, ta ce, "Bitrus, na ce ka gyara mini mota, ban ce ka mai da ni amaryar ƙauye ba." Muka buɗe, hancin ya zame daga mazauninsa ya faɗa ciki. Bayanta wata ta dawo, wata ta sake dawowa. Baba ya sake buɗe kowace, bai karɓi ko sisi ba. Duk da haka ƙafa ta ɗauke. Daminar nan gona muka koma, muna gyaran famfon feshi da injin ban ruwa don a sami na cefane. Sale ne kaɗai bai daina kawo mota ba. Baba ya koma daddale bakin tagullar da tsinin ƙusa ta kowane gefe, abin ya ragu ƙwarai, mutane suka dawo a hankali. Amma jefi-jefi sai ɗaya ya zame. Yakan riƙe shi yana kallo, ya ce, "Akwai abin da ya rage a jikin ɗan nan, ban gano shi ba."

Bai gano ba har yanar ido ta rufe masa gani. 'Ya'yansa suka mai da shi gida wajen Tofa, ya bar mini akwati da doguwar sukundireba, ni kuma na dawo da gareji ƙofar gida.

Ana nan sai ga kaya a leda sun shigo kasuwa daga waje, 'yan tagulla a jere, na sa wa farantin da ya lalace. Wanda ya fara kawo su yankinmu Nazifi ne, bakanike a Gezawa, mai kwamfuta. Kada ku ce zan zage shi, yaron ya iya aiki, ni ma in wutar giya ta rikice wurinsa nake turawa. Amma yana da baki. Ranar taron ƙungiyarmu ya ɗaga ledar sama, ya ce, "Jama'a, ga hancin Bitrus an aiko mana daga Turai. Kun ga lambar nan a jiki? Rajista ce. Can in mutum ya ƙirƙiro abu gwamnati ke rubuta masa, ya zama nasa. Ashe tsohon nan wani wuri ya gani ya zo yana ta karɓar gaisuwa."

Na miƙe na ce, "Nazifi, a gabana aka yi. Ranar kana goye."

Ya ce, "Baba Zomo, ai kai kunne gare ka, ba ido ba." Aka yi dariya.

Magana ba ta da ƙafa amma tana tafiya. Matasan makanikai suka daina faɗin sunan, suka koma kiransa da sunan Turanci, wai kit. Wasu da suka ci abinci da dabarar shekara da shekaru suka fara cewa dama sun yi zargi. Har maganar ta kai Tofa.

Sai ga Rifkatu, autar Baba. A gabana ta yi rarrafe cikin baƙin mai, yanzu kuwa ta yi karatun injiniya tana koyarwa a kwalejin sana'a. Ta sauko daga babur ko gaisuwar kirki ba mu gama ba ta ce, "Yaya Hadi, za a ce ubana ɓarawo ne yana raye? A ƙasar nan ma ana yin rajistar. Zan yi masa, da sunansa, in kawo takardar in manna a garejin Nazifi."

Ta yi ta zuwa. Ta sa na yi hancin a gabanta, ta ɗauki hoto, ta zana, ta auna ramukan da wani ɗan abin awo mai agogo. Ita ta gano mini cewa duk hure-huren da nake yi, ramukan nawa girma kaɗan ne suke maimaituwa, gwargwadon irin motar. Ta sayo mini 'yan matsirai daidai da su. Aikin da nake wuni a kai ya koma na ɗan lokaci. Har gobe da su nake aiki, kuma in na ɗauka nakan ce, "Awon Rifkatu."

Bayan an kwana biyu ta dawo, wannan karon a hankali ta sauko daga babur. Ta zauna a bencin nan da kuke kai. Ta ce kafin a yi wa abu rajista sai an bincika ko wani ya riga ka. Ta bincika. Akwai wani mutum a wata ƙasa mai nisa da ya yi rajistar irin wannan, tagulla a cikin ramin faranti, har da zanensa, tun kafin Sale ya sayi motarsa. Kuma abin da aka riga aka nuna wa duniya ba a sake ba wani.

"Yaya Hadi, kada mu gaya masa. Mu ce ana kan aiki."

Na ce, "Auta, idonsa ne ya tafi, kunnensa na nan. Amma mu je."

Ni da ba na son tafiya, na hau bayan babur ɗinta, muka bi ta Bacirawa muka ɓulle. Da hantsi muka isa. Mun same shi a gindin mangwaro, da ƙwarya a cinya, yana ɓarar gyaɗar iri da lalube. Muka yi ta gaisuwa, ina gajiya, ina iyali, ya gona, ya masu jiki, har muka koma kan awaki. Ya ce, "Gaisuwar nan taku ta yi jinkirin shiga giya. Me ke tsiyaya?"

Rifkatu ta faɗa masa duka. Ya ci gaba da ɓarar gyaɗarsa. Can ya ce, "Zanen nasa, yana wurinki?"

"Yana cikin waya, Baba."

"Waya ba ta yi mini. Zana mini a nan." Ya miƙa tafin hannu.

Ta kama hannun ta riƙa ja da farce. Ga faranti. Ga rami. Ga tagulla ta shiga. Ga mazaunin ɗan boris. Yana ta gyaɗa kai. Sai ta ja wani ɗan layi a gefe da gefe.

"Tsaya. Mene ne wannan?"

"Ɗan tudu ne ya bari a bakin tagullar, ya fi ramin faɗi, kamar kafaɗa. Shi ke zama a kan faranti."

Baba ya saki ƙwarya, gyaɗa ta watse, kaji suka yo kai. Ya buga cinya yana dariya har da tari. "Kafaɗa! Kai, ɗan banza, kafaɗa! Zomo, kana ji? In yana da kafaɗa ta ina zai zame? Da motar Hajiya Tabawa ba ta hau shanu ba! Ni ina ta dukan abu da ƙusa, ashe goge shi nake yi fiye da kima!"

Inna Laraba, matarsa, ta leƙo daga madafi ta ce, "An ce an riga ka, kai kuma kana dariya kamar an ba ka sarauta."

"Ke ba ki san daɗin ba. Shekara nawa ina tsammanin ni kaɗai ne mahaukaci. Auta, ya sunansa?"

Ta faɗa. Ya gwada, harshe ya ƙi. Ni ma na gwada, Inna Laraba ta ce in bari kada in ƙware. Baba ya ce, "To shi ke nan, tunda ya riga ni, wana ne. Zomo, daga yau in ka sa mai kafaɗa, ka ce kafaɗar Wan Bitrus ce."

Rifkatu ta ce, "Baba, mutane za su ce Nazifi ya yi gaskiya."

"Ya ce an riga ni, ya yi gaskiya. Ya ce na gani a wani wuri, Haladu na nan da ransa, a tambaye shi wa ya hana shi ciniki. Sunan kuma ba ni na raɗa ba, direbobi ne. In sun ga dama su riƙe, in sun ga dama su yar. Ni dai a kawo mini mai kafaɗar in taɓa."

Shi ya gama magana. Amma ni da na dawo gida, a ƙungiya ba abin da ya sauya. Kit, kit, kit, kamar ana kiran kaji. Na riga na sa a raina cewa sunan zai tsaya a garejina, in na mutu a binne mu tare.

Saboda alkawarin taɓawar nan na shiga Kano, kasuwar kayan mota, don ban so in saya a hannun Nazifi. Ina tsaye a wani shago ina lalubar yadda zan kwatanta abin, don lambar da ke jikin ledar ta fi ƙarfina. Sai kunnen nan nawa ya tsinko wata murya a shagon gaba, cikin duk hayaniyar janareto da masu baro. Wani saurayi ne, Hausarsa ta gabas ce, can wajen Haɗejiya.

"Alhaji, kana da hancin Bitrus?"

"Na wace mota?"

Na juya. Mai shago ya miƙa hannu ya zaro ledar nan ta waje, mai lamba a jiki, ya ajiye masa.

Na matsa na yi sallama. Na ce da mai shago, "Alhaji, haka ake ce masa?"

Ya ce, "To da me za a ce? Wa zai iya haddace lambar nan? Direba ya zo ya ce bakanike ya aiko shi hancin Bitrus, mu ma muka bi. Har yaran da ke sauke mana kaya haka suke rubutawa a jikin kwali."

Na dubi saurayin na ce, "Ɗana, wane ne Bitrus ɗin?"

Ya ɗaga kafaɗa. "Wallahi Baba ban sani ba. Ina jin Baturen da ya ƙera shi ne."

Na sayi leda ɗaya, na wuce Tofa kai tsaye ban koma gida ba. Baba ya karɓi ɗan ƙarfen, ya yi ta zagaya kafaɗar da farcen babban yatsa. Na ba shi labarin kasuwa, ina jiran ya yi murna. Inna Laraba dai ta yi guɗa, wai ashe Bature ta aura ba ta sani ba. Shi kuwa sai ya ɓata fuska.

"To ka ga, yanzu mu muka shiga gonar mutum. Kayansa ne, zanensa ne, gwamnati ta rubuta masa, ga shi a kasuwa ana kiransa da sunana. Zomo, kada ka yarda ka sa abin nan ba ka ambace shi ba."

Da na ba Nazifi labari a taron gaba, ya sosa ƙeya ya ce, "Ai Baba Zomo, ni ma in na aika na ce kit, sai su ce wanne. Dole nake faɗin sunan." Aka yi dariya, wannan karon ba ni ake yi wa ba. Haladu ma ya ji, ya aiko a gaya mini cewa shi har yau bai ji an ce rishon wa ba, kuma haka ne, na ƙara shi a ciki.

Shi ya sa in kun ga na rufe ɗaki na shimfiɗa farin ƙyalle, kuna jin ina 'yar magana ni kaɗai, ba tsufa ba ne. Cewa nake, "Hancin Bitrus, kafaɗar wansa, awon Rifkatu, rishon Haladu." Sannan in hura, in saurara, in ɗaura.

To kai mai waya, ɗauki abarka, na gama. Amma gaya mini tukuna: ɗaurin wayar nan da na ga ka yi wa tiyon mai ɗazu, ka ja hannu ka yi shiru, na wa?